Bala Miller (1928-2003): Ɗan Limamin Cocin Da Ya Koya Wa 'Ya'yan Wasu Kiɗa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Waƙar Baka a wannan sashe namu ya san Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos kamar yunwar cikinsa. Kowace shekara sai an sami wanda ya rubuta kundin neman digiri a kan ɗayansu. Amma akwai wani makaɗi ɗan Arewa wanda ya yi waƙa da Hausa, aka kuma riƙa kallon sa a talabijin a faɗin ƙasar nan, wanda da wuya ka ji an ambaci sunansa a aji. Wannan kuwa shi ne marigayi Bala Miller. A ganina dalilin bai wuce cewa ba mu san rukunin da za mu ajiye shi ba. Shi ba makaɗin fada ba ne, ba na maza ba ne, ba kuma na sana'a ba ne, sannan ga shi kayan kiɗansa na Turawa ne. Da yake bai shiga ko ɗaya daga cikin akwatunan da aka koya mana ba, sai muka bar shi a waje.

Ba shahararsa ce ta sa na ɗauko tarihinsa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya sami kiɗa tun yana yaro ƙarami, da kuma abin da ya yi wa 'ya'yan wasu bayan da ya girma. Ni mutumin Kafanchan ne. Bala Miller ba a garinmu aka haife shi ba, amma hanyar da ya bi ya zama makaɗi, wato daga gida zuwa coci zuwa badujalar makaranta, ita ce hanyar da na tashi na ga yaran kudancin Kaduna suna bi. Saboda haka idan mai karatu ya ga na ratse zuwa Kafanchan nan da can, ya yi mini uzuri.

Gidan Da Ya Fito

An haifi Bala Miller a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu, a shekarar 1928. Mahaifinsa, Rabaran Miller, limamin cocin Angilikan ne, kuma yana daga cikin Kiristocin farko da suka tashi a hannun mishan ɗin CMS na Zariya. Sunan Miller da iyalin ke amsawa ya samo asali ne daga Dokta Walter Miller, Baturen likitan nan da ya koyi Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar Hausa a 1900 tare da ayarin Bishof Tugwell, ya kuma zauna a cikin birnin Zariya daga 1905. A 1929 ne aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a wajen ganuwa. Mu ɗaliban harshe mun fi sanin Dokta Miller ta wajen fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga cikakkiyarta a 1932. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma ce aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, kuma a Wusasa ɗin ne Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane abu biyu game da gidan. Na farko, gida ne na Hausa, da Hausa ake magana, da ita ake addu'a. Na biyu, gida ne da waƙa take cikin ayyukan yau da kullum, kamar shara da ɗiban ruwa. A gidan ma'aikacin mishan na wancan zamani akan tara iyali safe da dare, a yi karatu, a rera waƙa ɗaya ko biyu kafin a watse. Ba wanda yake cewa yau za a koya wa yaro waƙa. Yana goye yake jin ta, yana rarrafe yake jin ta, har ranar da za a ji muryarsa ta shiga cikin ta manya ba tare da kowa ya lura da lokacin da ta shiga ba. Haka abin yake har yau a gidaje da dama a Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kafanchan. Yaron da uwarsa take cikin Zumuntar Mata ya san bugun tulu da kaɗa gora tun kafin ya san baƙi da wasali, domin a gindinta yake zaune duk ranar da suke gwaji.

Wannan shi ne darasin farko, kuma kunne yake gyarawa. Yaro yana koyon inda murya take hawa da inda take sauka, da lokacin da ake shiga da lokacin da ake jira. Abin da gida ba ya iya bayarwa sau da yawa shi ne kayan kiɗan kansu, domin tsada gare su. A nan ne sa'ar Bala Miller ta zo.

Kayan Badujala A Lakwaja

Aikin coci kamar aikin gwamnati yake, yau kana nan gobe an tura ka can. Sai aka mayar da mahaifinsa cocin Holy Trinity da ke Lakwaja. Lakwaja kuwa tsohon garin mishan ne tun zamanin Bishof Ajayi Crowther, kuma tsohon garin soja ne, don a nan ne Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Inda duk aka sami barikin soja to akwai badujala. Cocin ya sayi kayan kiɗa daga hannun sojojin mulkin mallaka, kuma a nan ne yaron ya fara ganin kayan busa da na bugu iri-iri a tare a wuri guda. Yana ɗan shekara 9 ya shiga badujalar makaranta, yana kuma rera waƙa a coci ranar Lahadi.

Ina so mu ɗan tsaya a kan wannan, domin a ganina nan ne ƙashin bayan tarihin nasa. Ba wai ganin kayan kawai ya yi ba, an bar shi ya taɓa su. Da yawa daga cikinmu mun san wuraren da ake da irin waɗannan kaya amma suna kulle a cikin kabad, mabuɗi yana aljihun wani dattijo, ba a fito da su sai ranar biki, wai kada yara su lalata. Kayan da aka ɓoye wa yara tsatsa ce take cin su. A Lakwaja an miƙa wa ɗan shekara 9 kayan da sojoji suka yi fareti da su, aka kuma sami wanda ya zauna ya nuna masa yadda ake yi.

Shekarun nasa ma sun dace. Masu koyar da busa sukan so yaro ya gama famfara, haƙoransa na gaba sun fito sun zauna, kafin a ɗora masa bakin ƙaho a leɓe, domin a kan haƙoran ne leɓe yake jingina. Ƙahon Turawa ba iska kawai ake hura masa ba. Mai busa yana matse leɓɓansa ne su riƙa karkarwa, wannan karkarwar ce take zama sauti a cikin bututun tagulla. Begila ba ta da maɓalli ko ɗaya, saboda haka sautuka kamar 5 kawai take bayarwa, duk kuma da leɓe ake nemo su. Babbar 'yar'uwarta, wadda makaɗa ke kira turampet, tana da maɓallai 3 waɗanda suke ƙara wa iska tsawon hanya, shi ya sa take iya fitar da kowane sauti. Yaron da ya fara da begila ya riga ya horar da leɓensa, abin da ya rage masa aikin yatsu ne.

Na san wannan ne saboda ta haka aka bi da mu a ƙungiyar Boys' Brigade ta unguwarmu. Wannan ƙungiya wani ɗan Sikotilan mai suna William Alexander Smith ne ya kafa ta a birnin Gilasgo a 1883, ta iso Nijeriya a 1908, kuma a kudancin Kaduna ita ce makarantar kiɗan talaka. Mun yi watanni muna bugun benci da sandunan da muka feƙe da kanmu kafin a bar mu mu rataya ganga, ganguna kuwa ba su kai yawanmu ba, sai dai a yi karɓa-karɓa. Babu kuɗin makaranta, babu takardar shaida. Babban yaro ne yake koya wa ƙarami abin da shi ma wani ya koya masa. Wasu daga cikin masu kaɗa jita da fiyano a bukukuwan aure a Kafanchan daga kan irin wannan benci suka taso.

Gado Da Haye

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Bahaushe bai san koya wa yaro kiɗa ba sai da Bature ya zo. Ya sani sarai, kuma tsarinsa ya fi na makaranta tsanani. Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura a 1909, tun yana ɗan shekara 6 zuwa 7 ya fara bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda wajen kiɗan noma. Ɗan makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya, sannan a ba shi kanzagi ya riƙe ƙaramin kiɗa, daga nan ya shiga cikin 'yan amshi, ya shekara da shekaru yana karɓi kafin a yarda ya yi jagora. Gida da makaranta a wuri ɗaya suke, uba shi ne malami. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Matsalar wannan tsari ɗaya ce: ƙofarsa a rufe take ga wanda ba ɗan gida ba. Kiɗa sana'ar gado ce, kuma da yake an haɗa shi da roƙo, mutumin da ba makaɗi ba ba ya son ya ga ɗansa da ganga. Wanda ya shiga ba tare da ya gada ba shi ake kira ɗan haye, kuma sau da yawa sai ya yi faɗa da gidansu. Mamman Shata ya isa misali, don mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba ko kaɗan. Shata ya yi taurin kai ya zama Shata. Amma yara nawa ne masu kunne irin nasa aka tsawata wa suka bari, suka mutu ba wanda ya san abin da ke bakinsu?

Bala Miller ɗan haye ne ta wannan ma'auni, domin mahaifinsa ba makaɗi ba ne. Sai dai shi hayensa ba na tawaye ba ne. Ya sami wata ƙofa ta uku, wato wurin da ake koyar da kiɗa ga duk yaron da ya zo, ko ɗan wane ne. Abin da ya yi daga baya a Kano da Kaduna, in ka duba da kyau, ƙoƙari ne na buɗe wa wasu irin wannan ƙofa.

Zaman Legas

Daga Lakwaja aka tura shi CMS Grammar School ta Legas, wadda aka kafa tun 1859, ita ce kuma makarantar sakandare mafi daɗewa a Nijeriya. A can ma yana cikin badujalar makaranta. Bayan haka yakan bi ƙungiyar Calabar Brass Band zuwa wuraren biki da bakin titi don ya sami ɗan abin kashewa. Wannan ma makaranta ce, ko da yake ba ta da allo. A aji ana koya maka ka bi abin da ke rubuce, a wurin biki kuwa sai ka koyi kallon ƙafafun masu rawa.

Da ya gama makaranta bai ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar ci da sha ba. Ya karanci harkar tallace-tallace, ya kama aiki da kamfanin Lever Brothers, da rana yana ofis, da dare yana busa. Ya yi kiɗa a ƙungiyar Samuel Akpabot, mutumin Uyo wanda daga baya ya tafi Landan ya karanci kiɗa, ya dawo ya zama malamin jami'a kuma manazarcin kiɗan gargajiyar Afirka. Ya kuma yi hulɗa da Victor Olaiya, shahararren mai busa turampet ɗin nan da ya rasu a 2020. Wannan shi ne lokacin da kiɗan hailaif yake tashe, bayan da E.T. Mensah na Gana ya riƙa zuwa Nijeriya da ƙungiyarsa a shekarun 1950, matasan Legas suka ga cewa ashe ana iya ɗaukar kayan badujala da na rawar Turawa a kaɗa kiɗan gida da su.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ya riƙe aikin kamfani shekaru masu yawa haka. A ganina ba batun albashi ne kaɗai ba. Iyayen Kirista ma, waɗanda suke murna in sun ga ɗansu yana busa a coci, ransu yakan ɓaci in sun ji ya koma busa a otal. A wurinsu wancan hidima ce, wannan kuwa shashanci. Mutumin da yake zuwa ofis da safe da taye a wuya ya fi ƙarfin a kira shi ɗan iska, kuma ina jin wannan mutunci ya taimaka masa ƙwarai ranar da ya zo neman iyaye su ba shi 'ya'yansu.

Shi kansa kiɗan hailaif ya riga Bala Miller isowa Arewa, kuma jirgin ƙasa ne ya kawo shi. A 1927, shekara guda kafin a haife shi, layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe Ibo da Yarbawa da sauransu suka cika garin, suka zo da garmaho da fayafayansu. Yaran Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Hausawan Jama'a suka tashi suna jin wannan kiɗa ta tagogin gidajen reluwe, ga kuma na gargajiya da suke ji a bukukuwa irin su Afan na Kagoro da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu. Sai dai waƙoƙin fayafayan nan da Yarbanci ne ko Ibo ko Turancin buroka. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun watsa da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata, sun kuma karya kasuwar hailaif a Legas kanta.

Makarantar Kiɗa A Kano

Aikin kamfani ne ya dawo da Bala Miller Arewa, ya zauna a Kaduna a shekarun 1960. A 1973 kuma, zamanin Gwamna Audu Bako, ya jagoranci kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, an fi tuna shi da madatsun ruwa irin su Tiga da Bagauda da kuma gidan zu. Ba kowa ne yake tuna cewa a zamaninsa an yi tunanin makarantar kiɗa ba. Amma in an tuna cewa shi ɗan sanda ne, wanda ya yi rayuwarsa a bariki inda badujala take da daraja, abin ba zai ba da mamaki ba.

Sai mutum ya dubi yadda abubuwa suke a lokacin kafin ya gane nauyin wannan aiki. A Kudu, Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen nazarin kiɗa tun farkon shekarun 1960. A Arewa kuwa, wanda yake son ya koyi kayan kiɗan zamani sai dai ya shiga soja ko ɗan sanda, ko kuwa ya kasance ya bi ta makarantar mishan. Ɗan Musulmin birnin Kano da ba ɗan makaɗa ba, ba shi da inda zai nufa. Kafa makaranta a Kano yana nufin an raba kiɗa da abubuwa uku da aka saba ɗaure shi da su: jini da bariki da coci. An mayar da shi fanni, kamar kafinta ko aikin jinya, wanda ake shiga a koya a fita.

Mene ne makaranta take ƙara wa yaro wanda gida bai ba shi ba? Babban abu shi ne karatu da rubutun kiɗa. Yawancin mawaƙan coci a yankinmu da tsarin do-re-mi suke aiki, wanda yake da sauƙi, ya kuma wadatar ga murya. Amma makaɗin da zai zauna cikin mutum 20, kowa da abin da yake busawa, dole ya iya karanta layukan nan 5 da ake ɗiga wa alamu, waɗanda suke gaya masa sautin da zai fitar da tsawonsa da inda zai yi shiru. Mu da muke nazarin harshe mun san bambancin wanda ya iya magana da wanda ya iya magana ya kuma iya rubutu. Na farkon ba ya kasa na biyun fasaha, amma abin da ya sani yana tafiya da shi kabari.

Ƙungiyar Pyramids Da Waƙa Da Hausa

A 1977 aka yi bikin FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Bala Miller yana cikin waɗanda suka yi aikin tsara ɓangaren kiɗa na bikin. Bayan an watse ne ya yi abin da ya fi ba shi suna. Ya sa talla a jarida yana neman matasa masu sha'awar kiɗa, ya kafa ƙungiya mai mutum 12, wadda daga baya ta kai mutum 28. Ita ce Great Music Pyrameeds of Afrika, mazauninta kuma Costain Club a Kaduna. Ɗan Arewa in ya ji wannan suna dalar gyaɗar Kano ce take fara faɗo masa a rai kafin ta Masar.

A lura da yadda ya tara mutanensa. Makaɗin gargajiya 'ya'yansa da ƙannensa da barorinsa yake tarawa. Shi kuwa a jarida ya yi shela, wanda duk ya gani yana iya zuwa. Yana da shekara 49 a lokacin, wato ya haifi yawancin waɗanda suka amsa kiran, kuma zamansa da su zaman malami da ɗalibai ne. Riƙe mutum 28 ba wasa ba ne. Kowa yana bukatar kayan kiɗa da kayan sawa da abinci da kuɗin mota, sannan a yi ta gwaji har sautin mutum 28 ya zama kamar na mutum guda.

Abin da ya fi shafar mu a wannan sashe shi ne harshen da ya zaɓa. Ya ɗora Hausa a kan kiɗan hailaif, kuma wannan aiki ya fi yadda ake zato wuya. Hausa harshe ne mai karin sauti, ga kuma dogon wasali da gajere. Kalmar da muke rubutawa "fara" tana iya zama ta farawa, ko ƙwaron nan da ake soyawa, ko launi, kuma karin sauti da tsawon wasali ne kawai suke raba su. Makaɗin gargajiya ba ya shan wahala a nan, domin kalangu da kotso bin maganar suke yi, gaɓa mai nauyi ta sami dogon bugu, marar nauyi ta sami gajere. Amma in aka ɗauko karin da aka tsara don Turanci aka cusa masa kalmomin Hausa, sai ka ji an ja gajeren wasali an kuma daƙile dogo. Duk wanda ya tashi da waƙoƙin coci da aka fassara daga Turanci ya san abin da nake nufi. Mun saba da su har ba ma ji, amma baƙo Bahaushe in ya saurara yakan yi ɗan jim kafin ya gane kalmar da ake faɗa.

Bala Miller yana da abin da masu waccan fassara ba su da shi. Hausa ya sha a nono, kiɗan Turawa kuma ya koye shi tun yana ɗan shekara 9, saboda haka yana iya gina karin a kan maganar maimakon ya tanƙwara maganar ta bi karin. Wanda yake son ya gwada wannan da kunnensa ya nemi waƙarsa mai suna "Ikon Allah", ya saurari yadda kalmomin suke zaune daram a tsakanin ƙahoni da jita. Sunan waƙar kansa abin lura ne, domin magana ce da Musulmi da Kirista duk suke faɗa a kasuwar Kafanchan ba tare da wani ya ce ta wani ce ba.

A shekarun 1980 ya sami shiri nasa na kansa a gidan talabijin na ƙasa, NTA, wanda ake kira Bala Miller Show. A lokacin ba kowane gida ne yake da talabijin ba, yara sukan taru a tagar maƙwabci. Abin da suke gani shi ne matasa 'yan Arewa cikin tsabtatattun kaya, kowa riƙe da abin busa ko na kaɗawa, ana waƙa da harshen da suke ji. Ga yaron da aka saba gaya wa cewa kiɗa roƙo ne, wannan ma darasi ne, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna.

Daga shekarun 1990 al'amarin ya juya. Fiyanon lantarki irin na Yamaha ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, mutum ɗaya ya koma yana fitar da sautin ganga da sarewa da ƙaho da yatsunsa, waƙoƙin finafinan Hausa suka mamaye kasuwa. Ba na raina wannan fasaha, ta ciyar da dubban matasa. Amma ƙungiya mai mutum 28 makaranta ce da kanta, domin kullum akwai ƙaramin da yake zaune kusa da babba yana kallon yatsunsa, shi kuwa fiyano ɗaya kujera ɗaya gare shi.

Rasuwarsa

Bala Miller ya rasu a shekarar 2003 yana da shekara 75. Matasan da suka amsa tallarsa a 1977 yanzu duk sun haura shekara 60. Ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke neman batun kundi, maimakon a sake komawa kan salon Shata karo na ɗari, ga mutane nan da za a iya nema a Kaduna da rikoda a hannu, a tambaye su yadda ya koyar da su, da me yake farawa, da kuma yadda iyayensu suka karɓi maganar ranar da suka ce za su tafi koyon kiɗa.

Shekara 2 kafin rasuwarsa, wato a 2001, wani kamfanin fayafayi na Landan mai suna Strut ya fitar da tarin kiɗan Nijeriya na shekarun 1970 da ya kira Nigeria 70. A ciki aka sa "Ikon Allah" tare da waƙoƙin su Fela Kuti da Tunji Oyelana da Segun Bucknor, kuma ta wannan faifai ne mutane da yawa a Turai da Amurka suka fara jin an rera Hausa a kan ƙahonin badujala.